Barin iPhone a koma Android: amsa ga Hajiya mai sayar da atamfa a Tahoua

Hajiya, barka da warhaka. Tambayar da kika kawo ita ce: tun zamanin iPhone 6 ba ki riƙe wata waya ba sai ta Apple, yanzu kuma batirin iPhone 11 da ke hannunki ba ya kai ki la'asar, ƴaƴanki suna matsa miki ki koma Samsung ko Tecno, ke kuwa kina tsoron rasa hirarrakin masu sayen atamfa da leshi da kika tara a WhatsApp. Ra'ayina shi ne komawa Android za ta dace da ke, amma da sharaɗi biyu: kada ki sauka zuwa waya mai araha ƙwarai, kuma kada tsohuwar wayar ta bar hannunki sai komai ya ƙetara lafiya.

Da farko a daidaita ma'auni. iPhone ta kamfani ɗaya ce, shi yake ƙera wayar, shi yake rubuta manhajar da ke tafiyar da ita, wato iOS, tun fitowarta ta farko a 2007. Android kuwa manhaja ce ta Google wadda ta fara fita a waya a 2008, kuma kamfanoni da yawa suke ɗora ta a kan wayoyinsu, daga Samsung na Koriya ta Kudu har zuwa Tecno da Infinix da Itel, waɗanda duka ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Saboda haka idan wani ya ce miki Android ba ta da kyau, ko ya ce ta fi iPhone, ki tambaye shi wacce yake nufi, domin tsakanin ƙaramar Itel da Galaxy S24 akwai tazara irin wadda ke tsakanin atamfar roba da Super Holland. Yawancin waɗanda suka bar iPhone suka dawo suna ƙorafi, waya mai daraja suka ajiye suka ɗauki ta ƙasa da ita, sannan suka ɗora laifin a kan Android baki ɗaya.

A fannin batir, wanda shi ne asalin kukanki, Android ce a gaba. Batirin iPhone 11 ƙarfinsa 3110 mAh ne (ma'aunin yawan wutar da batir yake ɗauka) tun yana sabo, alhali 5000 mAh ya zama ruwan dare a jerin Galaxy A da Tecno Camon da Infinix Note. Gaskiya ne iPhone tana tattalin wuta fiye da yadda wannan adadi yake nunawa, sai dai a garin da wuta take yankewa lokacin zafi, babban batir da saurin caji suna da amfanin da ba a musu. Zafin kansa ma abin lura ne: Apple ya rubuta cewa an yi iPhone don ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu muna wuce 40 a Tahoua, kuma babu abin da yake tsufar da batir kamar caji cikin zafi. Wannan ya shafi kowace waya, don haka ko kin sauya, kada ki bar ta a caji cikin mota ko a bakin shago inda rana take dukanta. Akwai kuma batun igiyar caji. iPhone 11 tana amfani da Lightning, wadda ba kowane gida ake samunta ba, yayin da USB-C ta Android take hannun kusan kowa. Apple ma ya koma USB-C daga iPhone 15 a 2023, wato wannan bambanci zai gushe idan sabuwar iPhone kika saya.

Layi biyu wata riba ce da ƴan kasuwa suka san darajarta. Kusan kowace wayar Android da ake sayarwa a nan tana ɗaukar kati biyu, ki sa Airtel da Moov, ko Zamani da Niger Telecom, idan wannan ya yi rauni a ƙauye ko a kan hanyar Ƙonni ki juya zuwa wancan. iPhone tun daga XS tana ɗaukar kati ɗaya da layi na biyu na eSIM, wato layin da ake sa wa waya ba tare da kati ba, wanda ba ya aiki sai kamfanin layinki yana ba da shi. Waɗanda aka yi domin kasuwar Sin ne suke da gurbin kati biyu. Wannan ya kawo mu ga wani tarko. Mu mutanen Adar wayoyinmu da yawa ƴan ci-rani ne suke aiko su, ko a saye su na hannu daga masu shigo da kaya, to iPhone da aka yi domin Amurka tun daga iPhone 14 ta 2022 ba ta da gurbin kati ko ɗaya. Duk wanda za a aiko masa da iPhone daga waje ya fara tambayar wannan kafin kuɗi su fita.

Inda na fi son ki tsaya ki yi tunani shi ne gyara, domin waya ba a ranar sayenta ake gane ta ba sai ranar da ta faɗi. Apple ba shi da shagon kansa ko ɗaya a duk nahiyar Afirka, ta hannun dillalai yake sayarwa, kuma kayan gyaran iPhone da ke yawo a kasuwanninmu gauraye suke: akwai na asali da aka ciro daga wata waya, akwai kwaikwayo mai kyau, akwai wanda ba ya wata uku. Ita wayar da kanta tana tona asiri, domin tun daga XS idan aka sa mata batirin da ba ta gane ba sai ta rubuta gargaɗi, daga iPhone 11 kuma haka take yi wa gilashin fuska. Idan matsalar ta wuce batir da gilashi ta shiga cikin inji, sau da yawa sai an ba da ita a mota zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500, ki zauna kwanaki babu wayar da kasuwancinki ya dogara a kanta. Gilashin Tecno ko Infinix ko ƙananan Samsung kuwa mai gyara na bakin kasuwa yana da shi a aljihun tebur, ya sa miki kina zaune. Sai dai kada a ruɗe ki da wannan a kan manyan Samsung: gilashin jerin Galaxy S, balle masu naɗewa, tsadarsa tana kamo ta iPhone, kuma shi ma ba a ko'ina ake samun na kirki ba. Sauƙin gyara na matsakaitan wayoyi ne, ba na duk mai sunan Android ba.

Yanzu ga inda iPhone ta yi zarra, kuma adalci ne a faɗa. Tana daɗewa ana sabunta manhajarta: iPhone 6s ta fito a 2015, ta ci gaba da karɓar sabon tsari har iOS 15 na 2021, taki iPhone 11 ta 2019 kuma tana cikin waɗanda suka samu iOS 26 a 2025. Wannan ba ado ba ne, domin ranar da waya ta daina karɓar sabuntawa manhajoji suna fara gudunta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a iPhone 6 a 2025. A ɓangaren Android abin ya danganta da kamfani. Samsung ya yi alƙawarin shekara 7 ga Galaxy S24, da shekara 6 ga A16 da A56, Google ma shekara 7 ga Pixel 8, amma wayoyi masu araha da yawa ba sa ganin sabon tsari fiye da sau ɗaya ko biyu. Haka nan iPhone tana riƙe darajarta idan aka zo sayarwa, mai saye ba ya wuyar samu, alhali matsakaiciyar Android da an cire ta daga kwali farashinta ya fara zubewa.

Hoto ya shafe ki fiye da sauran mutane. A ganina kyamarar iPhone ta fi kusantar ainihin launi, wayoyin Android da yawa kuwa suna ƙara wa hoto armashi, ja ya ƙara ja, shuɗi ya ƙara haske, abin da yake faranta wa mai hoton biki rai amma yake jawo wa mai sayar da yadi rigima idan kaya suka isa hannun mai saye ya ga ba haka ya gani ba. Ki je shago da turmi ɗaya mai wuyar launi, ki ɗauke shi da wayar da kike so da kuma taki, ki aika duka biyun ta WhatsApp da maɓallin HD, ki kwatanta. Wannan gwaji ya fi duk adadin megapixel da aka rubuta a kwali.

Sauran bambance-bambancen ƙanana ne. Karɓar wa'azi ko bidiyo daga wayar wani ba tare da intanet ba ya fi sauƙi tsakanin Android da Android, ta Xender ko Quick Share. Wasu suna da gurbin katin ajiya da rediyon FM, waɗanda iPhone ba ta taɓa yi ba, ko da yake Samsung ma ya cire gurbin katin daga jerin S tun S21. A ɗaya gefen, ƙananan wayoyin Android suna zuwa da manhajojin da ba ki nema ba da tallace-tallace masu faɗowa, kuma ƙofarsu a buɗe take ga manhajar da ba daga Play Store ta fito ba. Kada ki yarda yaro ya sa miki GB WhatsApp ko makamancinsa da sunan ya fi kyau. Ba na kamfanin ba ne, kuma ana rufe lamba a kansa.

To, batun ƙaura. Ajiyar WhatsApp ta iPhone a iCloud take zama, wato ma'ajiyar Apple ta intanet, ta Android kuma a Google Drive, ma'ajiyar Google, kuma ɗaya ba ta karanta ɗaya. Ma'ana idan kika cire kati kika sa a sabuwar waya kika buɗe WhatsApp, lambarki da rukunoninki za su dawo, amma tsofaffin saƙonni da hotuna da muryoyin da aka yi ciniki da su ba za su biyo ki ba. Hanyar da kamfanin ya tanada ita ce a haɗa wayoyin biyu da igiya mai kan Lightning da kan USB-C, a lokacin da ake kunna sabuwar karon farko, da lamba ɗaya, Samsung kuma yana yin haka ta manhajarsa Smart Switch. Shi ya sa bai kamata ki bar mai shago ya kunna miki wayar ya cika ta da manhajoji kafin ki iso gida ba, domin in an riga an saita ta sai an goge an fara daga farko. Tarihin kira ba ya ƙetarawa. Kafin a taɓa komai, ki buɗe hirar duk wanda kike bi bashi ko yake binki, ki fitar da ita ki aika wa kanki ta imel, musamman idan WhatsApp Business kike amfani da shi. Kuma ki kwafe basussukan a littafi.

Lambobin mutane ki ɗora su a asusun Gmail tun kina kan iPhone, hotuna kuma ki sa Google Photos ya kwashe su a inda akwai wifi, don kada ya cinye miki kuɗin intanet. Google yana ba da 15 GB kyauta, iCloud kuwa 5 GB, amma shekarun hotunan kaya za su iya cika duka biyun, saboda haka kwafi a kwamfuta ya fi kwanciyar hankali. Ki kashe iMessage, tsarin saƙonnin da ke tsakanin masu iPhone, kafin ki cire kati, in ba haka ba saƙon masu iPhone zai riƙa tafiya wayar da kika bari. Manhajar da kika saya a App Store ba ta bin ki, agogon Apple ba ya aiki da Android, AirPods kuwa suna aiki a matsayin abin sauraro na Bluetooth kawai. Manhajojin banki da na aika kuɗi za su nemi ki sake shiga da lambar sirri, don haka ki tabbata kina tune da su tun kafin ranar.

Idan za ki sayar da tsohuwar, ki fita daga iCloud ki kashe tsarin neman waya kafin ki goge ta, domin in ba haka ba za ta kulle a hannun mai saye ya dawo yana sallama a ƙofarki. Android ma tana da irin wannan kulli da asusun Google, saboda haka ki buɗe Gmail ɗinki da hannunki, ki rubuta kalmar sirrin ki adana, kada ya zama mai shago ne kaɗai ya san ta.

Kafin duk wannan, ki shiga saitin batir na wayarki ki duba lafiyarsa. Idan ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 kuma babu abin da yake damunki sai shi, sabon batir mai kyau a hannun amintaccen mai gyara zai iya ƙara miki shekara ɗaya ko biyu da kuɗi kaɗan, tunda iPhone 11 ta samu iOS 26 a 2025. Idan kuwa layi biyu da gyara a cikin gari suna cikin buƙatunki, kamar yadda na fahimta daga tambayarki, to ki nufi Galaxy A55 ko A56, ko babbar Camon idan gwajin launi ya gamsar da ke, mai ajiya 256 GB, sabuwa a kwali da takardar shaidar saye. Ki riƙe iPhone ɗin a gida na wata guda tana kan wifi, ki riƙa komawa gare ta duk lokacin da kika nemi wani abu kika rasa, sai kin tabbatar babu saura sannan ki kai ta kasuwa.