Fai ɗin cakulan da na'a-na'a: rahoto daga Miniyapolis

Yaya, kin tambaye ni yadda kayan kek suke a Amurka idan aka kwatanta da abin da kike samu a Kano, kuma na ga ya fi kyau in amsa miki da misalin wani abin zaƙi da ake yi a nan cikin watan Disamba, wato fai ɗin cakulan da na'a-na'a (fai shi ne abin zaƙin da ake zuba haɗinsa a kan gasasshen gindi cikin faranti mai zurfi).

Da zarar an gama bikin godiya na ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, kantuna irin su Aldi da Target sukan cika da alewar na'a-na'a mai ratsin ja da fari, wadda aka lanƙwasa kanta kamar sandar dattijo, kuma ita ce adon wannan fai. Ana niƙa biskit ɗin Oreo a cuɗa da narkakkiyar bota, a danne a gindin faranti mai zurfi, a gasa kamar minti 10 a zafin digiri 350 na ma'aunin Amurka, wanda ya kai kusan 177 a namu. Daga nan sai a narkar da cakulan cikin kirim mai zafi, a ɗiga ruwan na'a-na'a kaɗan, a zuba, a ajiye a firji na aƙalla awa 4, sannan a rufe da bugaggen kirim da dakakkiyar alewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne awo. Ana sayar da bota sanda huɗu a kwali ɗaya, kowace sanda giram 113, kuma an zana ma'aunin cokali a jikin takardarta, don haka mai girki ba ta bukatar sikeli. Kirim mai kauri kuma doka ta ce sai maiƙonsa ya kai kashi 36 cikin ɗari kafin a kira shi da wannan suna, shi ya sa yake tashi duk lokacin da aka buga shi. Wannan kirim ɗin shi ne abin da zai fi ba ki wahala a gida, domin yana bukatar sanyi tun daga kamfani har zuwa firjinki, kuma kin san halin wutarmu. Hannunki ya fi na mata da yawa da na gani a nan, ke da kike gasa kek a tukunya da yashi ya fito lafiya lau, amma fai ɗin da ba ya daskarewa sai da awa 4 na sanyi yana bukatar wutar da ba ta yankewa.

Sai dai Musulma ba ta ɗaukar kaya a nan ido rufe. Yawancin ruwan na'a-na'a na kwalba da sinadarin barasa ake haɗa shi, ruwan banila na asali ma doka ta wajabta masa barasa kashi 35 cikin ɗari, kuma wasu masu yin fai sukan sa jelatin, wato sinadarin da ke daskarar da haɗin, wanda galibi daga alade ake samunsa. Alherin da ke ciki shi ne ana rubuta kayan haɗin a jikin kwalba, saboda haka ni man na'a-na'a zalla nake saya, wanda ɗigo biyu ko uku suke isa, jelatin na halal kuma ana samunsa a shagunan 'yan'uwanmu Somaliyawa, waɗanda suke da yawa a wannan birni.

Cakulan ne kawai ya ba ni takaici. Fiye da rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Ghana yake fitowa, Ondo ma tana nomansa, kuma a 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000, abin da ya sa cakulan ya yi tsada har a nan. Duk da haka, ya fi sauƙin samu a kantin unguwarmu fiye da a ƙasashen da suke noma shi, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Idan za ki gwada, ki yi shi cikin hunturu, ki nemi garin koko marar sukari wajen masu kayan kek maimakon Bournvita, ki dafa shi da madara da garin masara mai sa miya kauri har ya yi kauri, domin wannan haɗin ya fi jure ɗaukewar wuta. Zan ba wa mai zuwa gida a Janairu man na'a-na'a ya kawo miki.