Ɗauki ta Trafalgar, ta Nelson ta jira

Malam, tsakanin kwandalar Nelson da ta Trafalgar ɗin da ka tambaya, ni dai duka biyun suna hannuna, kuma in ɗaya ce kuɗinka zai isa to ɗauki ta Trafalgar kawai kar ka tsaya wani dogon tunani.

Duka fam biyar biyar aka rubuta a jikinsu, Royal Mint, ma'aikatar buga kwandalar Birtaniya, ce ta buga su a 2005 da yaƙin Trafalgar, na teku wanda Nelson ya jagoranci sojan ruwan Ingila, ya cika shekara 200, nauyi ɗaya giram 28.28, azurfa mai lamba 925, ɗaya fuskar hoton Sarauniya Elizabeth. Zanen baya ne ya raba su. Ta Trafalgar jiragen ruwa biyu ne a kai, Victory da Temeraire, ga filafilai ga igiyoyi, in ka karkata ta a hasken taga sai ka rantse motsi suke. Tawa na saye ta ne bayan mun kai yara garin Portsmouth a Ingila ganin shi Victory ɗin, jirgin Nelson, har yau yana nan a ajiye, cikinsa rufin ƙasa-ƙasa ne sai da na buga goshi sau biyu, aka nuna mana ɗan allon ƙarfen da aka kafa daidai inda harsashi ya kada Nelson ranar 21 ga Oktoba 1805. Jirage 27 ya shiga da su kan 33 na Faransa da Sifen, Ingila ba ta rasa ko guda ba amma shi bai kai dare ba, a gangar barasa aka saka gawarsa don kar ta lalace a hanya. Yarona tun daga nan in baƙo ya zo sai ya ɗauko akwatin ya fara ba shi labari, har da ƙari.

Ta Nelson kuwa mutum ne dai da kakinsa na soja, ba laifi, tana nan a durowa.

Abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa maka, masu sayarwa a intanet. Waɗannan kwandaloli an buga su iri-iri, akwai na gama-gari na jan ƙarfe da nikel, akwai na azurfa, kuma wallahi faɗinsu ɗaya nauyinsu ɗaya, sikeli ba zai cece ka ba, maganaɗisu ma duk ba ya kama su. Haka wani ya yi min da ta Nelson ta farko, hoto ya sha haske ya rubuta azurfa, na biya kuɗin azurfa, da ta iso a 'yar leda ba akwati ba takarda na san an sha ni, wataƙila ma shi ya sa har yau ba na mata kallon arziki. Ta azurfa tana zuwa a akwatinta cikin murfin roba da takardar shaida, filinta kamar madubi zanen kuma dishi-dishi. Ka ce a turo maka hoton takardar da na gefen kwandalar, in ya fara kame-kame ka wuce. Wanda ka ga ba a rubuta kuɗi a jikinsa ba lambar tunawa ce kawai, da yawa ruwan azurfa aka shafa musu.

In ta zo kar ka fito da ita daga robar, kar kuma ka bari wani ya goge maka ita, shatin yatsa ɗaya ya isa ya karya mata farashi.