Hattara da masu "kashe ƙarar mota" da kwaltar rufin ɗaki

Jama'a, duk wanda ƙarar hanya ko ta iska ta dame shi a cikin mota har yake shirin kai ta a liƙa mata abin rage ƙara, ya dakata ya karanta wannan tukuna. Ni dai an riga an wanke ni.

Motata ta kwana biyu, amma lafiyarta ƙalau. Aibinta ɗaya: da na wuce kilomita 90 a awa sai wani fito ya tashi ta gefen direba, ga rugugi daga ƙasa, sai na ɗaga murya na kusa da ni yake jin abin da nake faɗi. Ana haka na ci karo da bidiyon tallar wani mutum a intanet. Ya ƙwanƙwasa ƙofar wata mota ta yi kwaram kamar gwangwani, ya ƙwanƙwasa wadda ya yi wa aiki ta yi dum. Ya ɗaga waya mai manhajar auna sauti, ya nuna lamba kafin aiki da bayan aiki, ya ce yana kashe kashi 90 cikin 100 na ƙara, da garantin shekara biyar. Na ba da kafin alƙalami, na kai mota da safe, na cika kuɗi na karɓa da yamma. Da na ce zan tsaya in ga aikin, sai ya ce sirrin sana'a ne, ba a kallo. Tun daga nan ya kamata in farga.

Ranar farko na rantse motar ta yi shiru. Yanzu na gane zuciyata ce ta yi shirun, don wanda ya kashe kuɗi ba ya son kunnensa ya ƙaryata shi. Fiton nan yana nan, rugugin ma yana nan. Bayan kamar mako uku na bar ta a rana, na dawo na buɗe, wani wari ya buge ni kamar inda ake zuba sabon titi. Daga baya gilashin ƙofar baya ya fara fitowa da baƙin zane mai danƙo in an ɗaga shi. Da aka yi ruwan sama kuwa, sai in riƙa jin ruwa yana kai da komo cikin ƙofar in na taka burki.

Fanel bita na kai wa, ya ɓalle murfin ƙofar a gabana. Abin da aka manna ba kayan mota ba ne sam. Faifan kwalta ne mai bayan alminiyam, irin wanda ake liƙe kwanon rufi da shi in yana yoyo. Zafi ya narkar da shi, ya zame ya taru a gindin ƙofa, ya toshe ramukan da ruwa ke fita. Kowace ƙofar mota ruwa yana shigar ta ta gefen gilashi, shi ya sa masu ƙera ta suka bar mata waɗannan ramuka a ƙasa. In suka toshe, tsatsa ta samu gida. Ledar da ke tare danshi tsakanin ƙarfe da murfin ƙofa ma ya yage ta ya yar. A ƙasan motar kuwa, inda ya ce ya shimfiɗe gaba da baya, guntaye huɗu kacal muka samu ƙarƙashin kafet ɗin gaba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na kira lambarsa, sau biyu ya ɗauka yana cewa gobe, daga nan ya yi layar zana.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda dabarun nasa suke da sauƙin ganewa ga wanda ya san kan abin.

Ƙwanƙwasa ƙofar nan dodorido ne. Duk abu mai nauyi da danƙo da ka manna wa falankin ƙarfe zai sa ya daina amo in an buga shi, ko kwalta ce ko robar ƙwarai. Wannan yana nuna ƙarfen ya rage rawa, ba ya nuna ƙarar waje ta daina shigowa. Aikin rage ƙara na gaskiya hawa-hawa ne. Akwai faifan robar butil mai bayan alminiyam, kaurinsa wajen milimita 2, wanda ke hana ƙarfe karkarwa, kuma ba sai an rufe ko'ina da shi ba, kwata zuwa rabin falankin ya isa. A kansa ake sa soso marar shan ruwa. Sannan a kawo shimfiɗar roba mai nauyi, wajen kilo 5 a kowace murabba'in mita, ita ce ke tare sautin da ke ratsowa, kuma dole ta rufe wurin ba ɓaraka. Wanda ya manna maka hawa na farko kawai ya ce ya gama, ko da kayan na ƙwarai ne, bai yi rabin aiki ba. Balle kuma a ce an cire kujeru da kafet da murafan ƙofofi huɗu, an yi duk wannan aiki an mayar cikin 'yan awoyi, da wuya ya yiwu.

Sai batun lambar waya. Ana auna sauti da desibel, kuma lissafinsa ba irin na kilo da mita ba ne. In ƙara ta ragu da desibel 3, rabin ƙarfinta ya tafi, amma da ƙyar kunne zai lura. In ta ragu da desibel 10, kashi 90 cikin 100 na ƙarfinta ya tafi, kunne kuwa zai ji kamar rabi kawai aka rage. Kun ga ke nan ko da maganarsa gaskiya ce, ba shirun da mutum yake zato zai samu ba. Aikin ƙwarai ma 'yan desibel kaɗan yake saukewa. Na koma na kalli bidiyon a tsanake: awon farko a kan titi mai kaushi aka yi, fankar esi tana ta huci, na biyu kuwa a titi mai santsi, motar tana tafiya a hankali. Ko ba a taɓa motar ba lambar sai ta sauka.

Ƙarar iska kuma, wadda ita ce ta kai ni wurinsa, babu ruwanta da faifan da aka liƙa cikin ƙofa. Ta robar bakin ƙofa take shigowa, da robar gilashi, da wajen madubin gefe, da ƙarafan ɗaukar kaya na saman mota, kuma tana ƙaruwa sosai da ƙaruwar gudu. Gwajinta bai wuce takarda ba: ka sa ta a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. In ta zame ba gardama, robar wurin ta saki. Ko ka liƙe wurin da kake zargi da salatif ta waje ka yi tafiya. In fiton ya ɗauke, ka kama ɓarawo. Rugugin ƙasa ma kafin a ɗora wa bodi laifi a duba taya, musamman wadda ta ci ba daidai ba, a kuma duba boris ɗin ƙafa. Boris in ya lalace yakan yi gurnani da ke sauyawa in ka karkata sitiyari dama ko hagu. Rufe wannan gurnani da soso haɗari ne, don ƙarar gargaɗi ce.

Mutumin har ya so ya haɗa ni da wata 'yar na'ura da ake sokawa a ramin caji, wai tana haɗiye ƙara. Allah ya taimake ni ban saya ba. Fasahar soke ƙara da ƙara gaskiya ce, wasu motoci suna zuwa da ita daga kamfani, amma tana aiki ne da makirufo da lasifikokin motar da kwamfutar da aka saita wa wannan motar, kuma sautuka masu kauri ta fi iyawa da su. Abin da ba shi da makirufo ba shi da lasifika, fitila kawai yake kunnawa.

In har za ka kai motarka, ka nemi guntun kayan a hannunka kafin ka ba da ko sisi. Butil ba ya warin kwalta, yana miƙewa kamar cingam. Ka ajiye guntun a gaban mota cikin rana na wuni guda, don cikin motar da aka rufe a rana yakan wuce digiri 60. In ya yi wari ko ya dalale, ka san abin da aka so manna maka. Ka tsaya a kan aikin, ko a turo maka hoton kowace ƙofa kafin a rufe ta. Ka ce kada a taɓa ramukan ruwa da ledar danshi, kuma a tuna wasu motoci na'urar da ke tayar da jakar iska ta gefe, wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi haɗari, cikin ƙofa take, da matsin iskar cikin ƙofar take aiki. Garanti kuma a rubuce, da adireshin gareji na dindindin.

Tawa dai kwana biyu aka yi ana kankare kwalta daga ƙofofi, ƙofa ɗaya ma har yau tana ɗan wari in rana ta buɗe. Aka sauya robar ƙofar direba, fiton ya ɗauke a ranar. Rugugin kuwa, boris ɗin ƙafar baya ta hagu ne.