Sauya Firjin Tsohuwar Tirelar Kwana: Mai Gas, Mai Batir Ko Na Gida?

A Amurka da Kanada, tsofaffin tirelolin kwana, wato ɗakuna masu taya da mota ke ja a tafiya, irin su Airstream da Shasta na shekarun 1960 da 1970 har gobe suna da kasuwa. Mutum zai saya, ya gyara daɓe, ya sake fenti, sai ya zo kan firji ya tarar ya daɗe da mutuwa. A nan ne da yawa ke garajen sayen sabo. Su auna faɗi da tsawon gurbin, su biya kuɗi, ba wanda ya leƙa bayan bango ya ga wace waya ce za ta kawo masa wuta.

Firjin da waɗannan tireloli suka zo da shi galibi mai gas ne, irin na kamfanin Dometic. Ba shi da kwamfireso, wato injin da ke kawo sanyi a firjin gida. Ɗan harshen wuta ne ke ɗumama ruwan amoniya, sanyi ya fito a ciki, dabarar da wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro a 1922. Duk wanda ya san firjin kananzir da aka daɗe ana ajiye allurar rigakafi a ciki a asibitocin karkara, to jirgi ɗaya ya kwaso su. Mai gas na da can da hannu ake kunna shi, ba ruwansa da batir. Shi ya sa idan ka zare shi, abin da za ka iya tararwa bututun gas ne da soket ɗaya na bolt 120, babu wayar bolt 12 ko guda.

Idan sabon mai gas za ka saya, aikin wuta kaɗan ne. Na zamani yana da ƙwaƙwalwar lantarki mai son bolt 12, amma abin da take ja bai taka kara ya karya ba, siririyar waya da fis sun wadatar. A wutar sansani, wato wurin da masu tirela ke yada zango su jona wuta, yana cin kamar wat 300. Matsalarsa biyu: dole tirela ta tsaya daidai ba karkace ba, in ba haka ba bututunsa ya toshe, kuma in rana ta ƙwalle sanyinsa ja da baya yake yi. Wasu suna da hanya ta uku ta bolt 12, amma kada ka yaudari kanka da ita. Tana iya jan amfiya 15 ko fiye ba hutawa, don lokacin da mota ke tafiya aka yi ta.

Mai kwamfireso na bolt 12 shi ne zaɓina ga mafi yawan mutane, da sharaɗin a ja masa sabuwar waya tun daga batir. Ƙarami mai injin Secop BD35F yana jan amfiya 3 zuwa 5 in yana aiki, manya su haura haka. Ba ya damuwa da 'yar karkacewa, kuma yana sanyi da wuri. Amma yana da tsaro a jikinsa: da zarar wutar da ke isowa gare shi ta sauka zuwa wajen bolt 10.4, sai ya kashe kansa. Nan ne tsohuwar waya ke cin amanar mai ita.

A yi lissafi. Firji yana nesa da batir mita 6, wato waya mita 12 ke nan zuwa da dawowa. In wayar mai kaurin 1.5 mm² ce kuma ana jan amfiya 6, sama da bolt 0.8 zai salwanta a hanya. In 6 mm² ce, asarar kamar bolt 0.2 ce kacal. Ƙara da tsatsar mahaɗa ta shekara hamsin da fizgar da injin ke yi lokacin tashi, sai ka ga firji yana yunƙuri yana mutuwa da tsakar dare alhali batir na da sauran caji. Mai shi ya tashi yana zagin firji, laifin kuwa na waya ne. Ƙa'idar masu injin mai sauƙin riƙewa ce: mita 4 waya 4 mm², mita 6 waya 6 mm², mita 10 waya 10 mm², da fis na amfiya 15 dab da batir. Wayar dawowa ma a ja ta daban da kauri ɗaya, kada a dogara da ƙarfen jikin tirela a madadinta.

Sai batir. Irin wannan firji kan sha 30 zuwa 60 Ah (ma'aunin cajin batir) a yini, gwargwadon girmansa da zafin gari. Batirin ruwa mai 100 Ah rabinsa kawai za ka ci in kana son ya yi ƙarko, ke nan kwana ɗaya ya kai ka. Na litiyom yana ba da kusan duka, sai dai tsohuwar na'urar cajin tirelar, irin Univolt na tsofaffin Airstream, ba ta dace da shi ba, ita ma sai an sauya ta. A sa wannan da kuɗin sola cikin farashin firji tun kafin a yi ciniki.

Firjin gida na bolt 120 shi ya fi araha a kanti, kuma ga wanda kullum a sansani mai wuta yake kwana, ba laifi. In za a shiga daji kuwa sai da inbata mai tsaftatacciyar wuta wadda za ta jure fizgar tashi, ita kuma ko firji na hutawa tana nan tana lasar batir. Ƙofarsa ma sai an yi mata sakata, don ba a yi shi domin gargada ba. Wanda ya shigo da irin tirelar nan Najeriya ko Nijar ya tuna wayoyinta na bolt 120 ne, tamu wutar kuwa 220 zuwa 230 ce.

Ko wanne ka ɗauka, in ka bar gas, a samu gwani ya toshe bakin bututun da murfin ƙarfe, a shafa ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa. Kuma ka auna ƙofar tirelar kanta, domin akwai firjin da zai zauna daram a gurbi amma ba zai shige ta ƙofa ba.