Agogo ko ɗamarar ƙirji: me za ka saya don sanin kalorin da ka ƙona a ajin ɗaga ƙarfe?

Duk wanda ya taɓa shiga ajin ɗaga ƙarfe na rukuni a wuraren motsa jiki na Kano, inda ake sakin kiɗa kowa ya saɓa sandarsa mai faifai marasa nauyi, ana durƙusawa ana miƙewa kusan awa guda, ya san abin da ake tambayar juna da zarar an ajiye ƙarfe: kalori nawa ka ƙona? Kamfanin Les Mills na ƙasar Niyu Zilan ne ya yaɗa wannan salo a duniya da sunan BodyPump, amma adadin da ake rubutawa a allunan talla na irin waɗannan azuzuwa ba abin dogaro ba ne, domin ba da jikinka aka auna shi ba.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka fara da lissafin da ba ya cin kuɗi. Masana suna auna wahalar kowane aiki da ma'aunin MET, wanda aka tattara jadawalinsa tun 1993, kuma MET ɗaya daidai yake da kalori guda ga kowane kilo na nauyin jiki a cikin awa. Ɗaga ƙarfe yana faɗawa tsakanin 3.5 da 6, gwargwadon yadda mutum ya matsa wa kansa. Saboda haka mai kilo 70 zai ƙona tsakanin 245 da 420 a awa guda, kuma 70 daga ciki zai ƙona su ne ko da yana kwance a tabarma. Kwalbar lemo mai rabin lita tana da kusan 210, ka ga shan ta a bakin ƙofa ya cinye rabin wahalar.

Agogon hannu shi ya fi farin jini, sai dai a wannan aiki ba ya gamsar da ni. Da bugun zuciya yake ƙiyasta kalori, yana kuma karanta bugun ne da koren haske da yake haskawa cikin fata, kuma da zarar ka damƙe sanda ka lanƙwasa wuyan hannu, gumi ya shiga tsakani, sai karatun ya rikice. Fata mai duhu ma tana shanye wani kaso na hasken. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada na'urorin hannu bakwai a kan mutum 60, suka tarar yawancinsu sun iya bugun zuciya, amma a ƙiyasin kalori wanda ya fi kowanne kusa da gaskiya ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshe kuwa da kashi 93.

Ni dai ɗamarar ƙirji nake zaɓa, irin Polar H10 ko na Garmin. Ba ta aiki da haske. Siginar lantarkin zuciya take ɗauka kai tsaye, kamar na'urar asibiti, don haka riƙon sanda bai dame ta ba. Ka ɗan jiƙa cikinta da ruwa, ka ɗaura ta a ƙarƙashin riga, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth, kuma ƙaramin batirinta yakan yi watanni ba ruwanka da jiran a kawo wuta. Duk da haka ita ma tana ƙara gishiri, domin riƙe numfashi da ɗaga hannu sama suna sa zuciya ta yi gudu fiye da aikin da jiki ya yi, haka nan zafin watan Afrilu idan fanka ta tsaya. Shi ya sa nake gwada adadinta da lissafin MET, in ya zarce sai in yarda da lissafin.

Babban abin tsoro shi ne jabu, kuma a nan aka taɓa cuta ta. Na sayi agogo a wani shago, kwalinsa na sheƙi, mai shagon yana cewa, "Alhaji, wannan orijinal ne, saura biyu kawai." Kullum yana nuna mini na ƙona 900, ni kuma ina ƙara tuwo da daddare da zuciya ɗaya, har wata biyu sikeli bai motsa ba. Ranar da asirinsa ya tonu, na cire shi zan yi alwala, na ajiye a kan benci, sai na ga yana nuna bugu 78, wai bencin katako yana da zuciya. Irin waɗannan ba su auna komai, lambobi kawai aka shirya musu su riƙa jefowa.

Don haka kada ka biya sai ka gwada a gaban mai kaya. Ka ɗora na'urar a kan teburi ka ga ko za ta yi shiru, sannan ka ɗaura, ka ƙirga bugunka da yatsa na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu ka kwatanta. Ka tabbata ta haɗu da manhajar kamfaninta ta asali, ka karɓi rasit, kuma idan ɗamarar ta gwanjo ce, ka duba robar ciki, domin in ta tsattsage sai ka sake sayen wani madauri.