Abin da ya kamata ka saya kafin ka fara koyon rubutun Sinanci

Ƙanina da ke zuwa Guangzhou sarin kayan waya ya tambaye ni abin da zai saya don ya riƙa karanta rasit da allunan kasuwa da kansa. Na ce masa ya fara yanke shawarar irin rubutun da zai koya, domin iri biyu ne. Akwai sauƙaƙƙe, wanda gwamnatin Sin ta fara fitarwa a 1956, shi ake amfani da shi a babban yankin ƙasar da kuma Singafo. Na gargajiya kuwa yana Taiwan da Hong Kong da Macau. Kalmar ƙofa a na gargajiya 門 ce, zane takwas, a sauƙaƙƙe kuma 门, zane uku. Duk mai harka da Guangzhou ko Yiwu, ko mai neman gurbin karatu a Beijing, sauƙaƙƙen zai ɗauka, kuma ya duba bangon littafi da kyau kafin ya biya.

Abu na farko ƙamus ne, kuma Pleco ya wadatar. Ana sauke shi kyauta a waya. In ka ga harafin da ba ka sani ba, sai ka zana shi da yatsa a fuskar waya, ya ba ka ma'ana da furuci cikin pinyin, wato rubutun Sinanci da baƙaƙen boko. Yana da ƙarin da ake biya, kamar karanta harafi ta kyamara, amma mai farawa zai iya haƙura da shi.

Wajen haddar haruffa, takara tsakanin manhajoji biyu ce, Anki da Skritter. Anki yana dawo maka da harafi daidai lokacin da kake shirin mantawa. Kyauta ne a kwamfuta da Android, a iPhone ne ake biya sau ɗaya. Matsalarsa ita ce ido kawai yake horarwa: za ka gane harafi in ka gan shi, amma a miƙo maka biro sai hannu ya tsaya. Skritter yana sa ka zana, yana gyara maka in ka karkace, sai dai kuɗin wata-wata ne da dala, kuma ka san yadda canji yake. Ni dai ba zan biya ba sai na ga na yi wata uku ina rubutu kullum.

Inda nake so kuɗinka ya tafi shi ne littafin rubutu mai gida-gida, wanda Sinawa ke kira tianzige. Kowane gida an raba shi huɗu, kamar harafin gona 田, don ka ga inda kowane sashe ke zama. A nan hannu ke koyon tsarin zane: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, kwance kafin tsaye. A nan kuma za ka fara ganin cewa haruffan suna da gaɓoɓi. Dubi 妈, uwa: gefen hagu 女 mace ce, tana ba da ma'ana, gefen dama 马 doki ne, amma sautinsa “ma” kawai aka aro. Galibin haruffa haka aka gina su. In ba ka sami littafin a kasuwa ba, a buga maka shafukan a shagon kwamfuta, ka haɗa da fensir.

Akwai kuma ƙyallen rubutu da ruwa. Ka tsoma burushi a ruwa ka rubuta, baƙi ya fito, in ya bushe ya ɓace. Wanda ya taɓa wanke allo a makarantar allo zai ji daɗinsa, kuma yara na sonsa. Amma burushi da tawada na gaske kayan ƙawata rubutu ne, ka bar su tukuna.

Littafin darasi kuwa, ka nemi wanda ya bi matakan HSK, wato jarrabawar gwada ƙwarewar baƙi a harshen Sinanci, ka tabbatar ko na tsohon tsari ne mai mataki 6 ko sabon da aka fitar a 2021 mai mataki 9. Jerin haruffan da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 ya ƙunshi 8,105, amma 3,500 ne na yau da kullum. Ƙanin nawa ya fara da lambobi da 元, harafin kuɗinsu, domin su yake gani a kowane rasit.