Gidan Hatfield: tikitin ya ci kuɗinsa, amma sai ka zo da tarihin Salisbury a kanka

Hatfield gida ne na dangin Cecil a yankin Hertfordshire, kimanin mil 21 arewa da Landan. Har yau iyalin na zaune a wani sashe, sauran kuma ana buɗe wa masu ziyara da tikiti daga bazara zuwa wajen Satumba. Robert Cecil, babban wazirin Sarki James na Ɗaya, shi ya gama gina shi a 1611. Wanda ya fi shafar mu a zuriyar shi ne Lord Salisbury na uku, da aka haifa a nan a 1830, ya rasu a nan a 1903, bayan ya riƙe firaministan Birtaniya sau uku: 1885 zuwa 1886, 1886 zuwa 1892, da 1895 zuwa 1902.

Zuwa ba wuya. Jirgin ƙasa daga tashar King's Cross a Landan bai kai rabin awa ba, ƙofar gidan ta masu tafiya a ƙasa kuma tana kallon tashar Hatfield. Wanda ya hau na tashar Moorgate zai sha tsaye-tsaye a ƙananan tashoshi. A bakin ƙofar akwai mutum-mutumin Salisbury a zaune kan kujera. Inda mutane suka fi yin asara shi ne ranar zuwa: ba kullum ake buɗe gidan ba, akwai ranar da lambu da fili kaɗai ake shiga, tsohuwar fadar sarauta da ke gefen gidan kuma sau da yawa an ba da hayarta don biki. A duba jadawali kafin a biya, a kuma tabbatar tikitin ya haɗa da cikin gida.

Ciki ya ƙayatu ƙwarai. Babban zauren marmara na ɗauke da shahararren zanen Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya riƙe da bakan gizo. Dogon zauren sama ya kai ƙafa 170, rufinsa shafe da zinariya. Salisbury mutum ne mai son gwaje-gwajen kimiyya, ya sa wutar lantarki a gidan tun 1881. Wayoyin kan yi tartsatsi, yaran gida su riƙa jifan wurin da matasan kujera har tartsatsin ya mutu. Awa biyu ta ishi cikin gida, a ƙara ɗaya don lambu, da takalmin da ba ya tsoron taɓo.

Rauninsa shi ne hankalin wurin ya fi karkata ga Elizabeth, wadda ta girma a tsohuwar fadar, aka kuma yi mata albishir da sarauta a nan a 1558. Mai neman siyasar Salisbury sai ya haɗa da kansa. Ya shiga majalisa a 1853 daga mazaɓar Stamford ba tare da abokin takara ba, don kujerar a hannun danginsa na gidan Lord Exeter take. Da ya auri Georgina Alderson a 1857 ba da son mahaifinsa ba, kuɗi suka yi masa ƙaranci, ya koma rubuta sharhi a mujallu. A 1867 ya ajiye muƙamin sakataren Indiya don bai yarda a faɗaɗa 'yancin ƙuri'a ba. Mai gonaki ne da yake ganin mulki na masu dukiya da asali ne, bai kuma ɓoye hakan ba.

Abin da ya kamata Bahaushe ya riƙe yana zagaya ɗakunan shi ne yarjejeniyar Agusta 1890 da Faransa. Salisbury, yana firaminista kuma ministan harkokin waje, ya amince da layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi, har ya yi ba'a a majalisar dattawa cewa ƙasar da ya bar wa Faransa rairayi ce. Yarjejeniyar 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. An sake gyara layin a 1904 da 1906, amma daga nan aka faro iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, Daura da Damagaram. A zamaninsa ne kuma Lugga ya ɗaga tuta a Lokoja ranar 1 ga Janairu 1900.

Takardun Salisbury suna ma'ajiyar gidan, sai dai tikiti ba ya kai mutum can. Mai bincike sai ya rubuta ya nemi izini tun da wuri. Kabarinsa na maƙabartar dangi a gefen cocin St Etheldreda, kusa da tsohuwar fadar, yawancin baƙi kuwa wucewa suke yi. Akwai wurin cin abinci da shaguna a tsohuwar bargar dawaki. Musulmi ya tambayi yadda aka yanka nama, ko ya tsaya ga kifi da ganye.